Zogalen Baba Maidaji

"Firdausi, ja ni bakin taga," in ji Baba Maidaji, "in ga ko sun taɓa shi."

Na ja kujerarsa a hankali, ba don nauyi ba, don mutumin ya zama ƙashi da rai. Ɗakinsa na kallon nawa a hawa na huɗu a unguwar Liwan, nan ƙasar waje. Ni 'yar Kano ce, takalma nake sarowa a kasuwar Zhanxi Lu. Shi kuwa mutumin Maradi ne, bizarsa ta mutu shekara tara, ko bakin titi ba ya fita sai dole.

Ƙasan tagar akwai wani tsohon lambu mai tafki da gadar dutse. Da can kango ne, har Baba ya samu lungu ya shuka zogale, irin da ya zo da shi daga gida. Nan yake yini. Bara aka sa lambun cikin kayan tarihin unguwa, aka ce ba mai gini a kansa, ba mai sare ko reshe. Muka yi murna, don da tuni an dasa kanti a wurin. Sai aka kewaye shi, aka sa ƙofa, ba shiga sai da fasfo mai rai. Masu ƙirga itatuwa ma ba su tambayi asali ba, suka rataya wa zogalen lamba kamar sauran.

"Kin gani ko, ɗiyata?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Icce ya samu takardu, mai icce bai samu ba."

Kwana uku ke nan ko kunu ya ƙi, zuwa asibiti kuma ya ce sai dai a kai gawarsa.

"Baba, me za ka iya ci?"

"Kwaɗon zogalena. Loma guda ta isa."

Na sauka da fasfona. Ina miƙa hannu ga reshe mai gadi ya taso yana nuna mini lambar da kyamara. Na roƙe shi da 'yan kalmomin da na iya, na nuna masa tagar Baba. Ya daɗe yana kallon sama. Ashe ya san tsohon. Sai ya tafi ya ɗauko tsintsiya, ya tara mini ganyen da ya zubo da kansa, wanda doka ba ta hana ba. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Na haye benen da gudu, ganyen a ƙulle a bakin mayafina.

"Baba, an samu!"

Yana nan yadda na bar shi, goshinsa jingine da gilashi, idonsa a buɗe. Na yi salati, na shafe masa ido, na kira Malam Shehu limaminmu.

Kafin su iso na kwance ƙullin a kan tagar. Ganyen duk ya yi rawaya, bai cika tafin hannu ba. Can ƙasa mai gadin na tsaye gindin zogalen da tsintsiyarsa, yana kallon sama.