Taguwa Ɗaya Ne

Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan layinmu ya zama abin tausayi. Kowa ya kwashe komatsansa, wasu har ƙyauren ƙofa suka cire suka ɗora a mota. Matata da yara suna Damagaram. Na ce musu zan biyo baya, kuma har yau ina nan ina biyowa. Da can ni ke rubuta wa kamfani allunan gargaɗi da fenti, har ake ce mini mai fenti. Yanzu kuwa wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, gare ni, da allon zane da alƙalaminsa, wadda wani injiniya ya bar mini don ta yi masa nauyi. Da ita nake yi wa masu shago hoton talla, in an samu.

Mutum ɗaya ya rage mini a layin, Akoli, tsohon mai gadin ƙofar kamfani, Ba'abzine dogo wanda ban taɓa ganin bakinsa ba saboda amawali. Kullum bayan la'asar zai zo da butarsa ya dafa mana shayi. Hausarsa kuwa sai haƙuri, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa. Na gyara masa har na gaji na bari.

Ran nan ya ce ɗansa Intala ya matsa masa ya koma wurinsu Agadez. Wallahi ban so ba, amma na daure na ce ai hakan ya fi. Sai ya ce ya gaya wa yaron ba zai taso ba sai na zana masa garkensa. Fari ya cinye raƙumansa tun Intala yana goye, 'yan da suka rage suka salwanta lokacin tawaye. So yake ya je wa jikokinsa da abin nunawa, kada su ɗauka da makullin ƙofa aka haife shi.

Na ce wannan ai wasan yara ne. A cikin ordinatar akwai wani burushi mai ɗaukar zane. Ka zana abu sau ɗaya, ganye ko tauraro, ka ɗora masa, to duk inda ka ja alƙalami abin zai yi ta zubowa, manya da ƙanana, a jere ko a warwatse. Na zana taguwa guda, na ɗora, na ja hannu a kan yashin da na zana. Kafin shayi ya tafasa garke ya cika allo. Na juya masa ina washe baki.

Ya matso, ya daɗe yana kallo.

"Taguwa ɗaya ne," in ji shi.

Na ce ya buɗe ido dai, ba ya ganin yawansu?

"Ɗaya ne, mai fenti. Ko'ina shi kaɗai. Ba mai kallon wani."

Na ji haushi ƙwarai. Amma da na sake dubawa, ga su nan duk sun fuskanci gabas, ƙafa ɗaya a ɗage, ba wadda ta san da 'yar'uwarta. Na goge. Ya ce sai dai mu bi su ɗaya bayan ɗaya, shi yana faɗa ni ina zanawa. Na ɓata rai don ya gani, alhali a zuciyata murna nake, don wannan aiki ne mai cin lokaci, kuma muddin bai ƙare ba Akoli yana nan.

Haka muka kama. Akwai mai yagaggen kunne, akwai wadda ba ta shan ruwa sai ƙanwarta ta sha. Ya nuna mini inda shaidar gidansu take a wuyan raƙumi, ya sa na maimaita ta har ta yi masa. Ni kuma ina ta jan ƙafa. Yau in ce wuta ba ta da ƙarfi, gobe in ce ƙafar baya ba ta fita ba sai an sake. In Intala ya kira, tsohon ya ce masa da saura.

Zafi ya zo ya wuce, raƙuma ba su ƙare ba. Kuma sai halinsu ya yi ta ƙara ban dariya. Wani amale mai ɗingishi, wanda in ya tashi tafiya ba ya jiran kowa. Wata taguwa ƙatuwa mai yawan kuka, tun asuba ta tashi kowa. Wasu biyu da kullum suke cizon juna amma ba sa rabuwa. Ta ƙarshe ya ce in sa ta can baya, nesa da garke, da farin tabo a ƙafar gaba, ta waiwaya. Na tambaye shi me take kallo, in zana. Ya ce ba komai, babu komai a wurin.

Daga baya Intala ya gaji da waya, ya zo da mota da kansa. Ba yadda zan yi, na kai hoton cikin garin Arlit aka buga mini a babbar takarda. Yaron ya shimfiɗa ta a kan mota, ya duba, ya yi dariya. Ya ce tun yana ƙarami babansa ke gaya masa sunayen raƙumansa, kuma ba su cika yatsun hannu biyu ba, waɗannan duk daga ina?

Akoli ya gyara amawalinsa. Bai kalli ɗansa ba, ni ya kalla.

"Nawa sun ƙare tun da daɗewa," ya ce. "Sauran mutanen layi ne."

Ya ɗora yatsa a kan amale mai ɗingishi ya ce Hamadi direban motar ma'aikata. Mai kukan asuba 'Yargata ce mai ƙosai. Masu cizon juna tela ne da matarsa. Ashe duk watannin nan da nake ganin ni ke yi masa wayo, shi ma ƙirƙiro su yake don ya samu dalilin zuwa. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ni.

Yatsansa ya gangara can baya, kan mai farin tabo.

"Wannan kuma kullum yana cewa zai biyo baya."

Ya nannaɗe takardar, ya bar mini butar, suka tafi. Ko mutum ɗaya bai leƙo ba, don babu mai leƙowar.

Bayan la'asar na kunna ordinatar, na buɗe hoton, na ƙara girman taguwar nan har ta cika allo. Ni na zana ta da hannuna, da tabon fenti a ƙafarta, wuya a karkace. Na bi inda idonta yake kallo har bakin allo, kuma gaskiyar Akoli ce, babu komai a wurin.