Miyar Lemo da Cokalin Baba

Ranar Alhamis Pauline take zuwa da sikelinta. Nas ce, asibiti suka haɗa mu da ita tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki bara. Mace ce mai kirki, amma ni sikelin nan na tsane shi. Ta ajiye shi a tsakiyar falo, muka kama Baba ya hau, ta duƙa ta duba.

"Hamsin da ɗigo uku, Noeline," ta ce da ni a hankali.

Tun wata biyu da suka wuce muka yi magana da Yaya Desmond a waya, shi yana can birnin Brisbane ni ina nan garinmu Gayndah. Muka tsayar cewa ranar da Baba ya sauka ƙasa da kilo hamsin, za a kai shi gidan kula da tsofaffi a can birni, inda idan mutum ya ƙi ci sai a sa masa abinci ta roba. Na yarda a lokacin saboda Baba yana hamsin da biyar, ina ganin abin da nisa. Ga shi yanzu saura abin da bai kai nauyin lemo uku ba.

Kuma ba ciwon ciki ke damunsa ba. Likita ya duba haƙori, ya duba maƙogwaro, ya ce lafiya lau. Ci ne kawai ba ya yi. Babu abin da ban gwada ba. Na yi masa kunun shinkafa da kaza, na turara kifi da citta, na yi farfesun ƙashi har ya yi fari. Sai in jera a tire, in shimfiɗa masa tawul a cinya, in gyara masa matashi a baya, in ce, "Baba zauna abinka, kada ka motsa." Sai ya dubi tiren ya ce, "Na gode." Ya kai cokali biyu baki ya ture. Wannan "na gode" ɗin ta fi komai ci mini rai, domin mutumin nan tun da nake bai taɓa gode mini ba. Kamar baƙo ya zama a gidana.

Shekara arba'in da ɗaya Baba ya yi yana girki a gidan abincinmu da ke babban titi. Shi yana kicin, Mama tana wajen karɓar oda, ni kuma tun ina da shekara sha huɗu nake ɗaukar faranti. Manoman lemo da masu tsinka, har da direbobin manyan motoci, duk abu ɗaya suke nema: kaza da miyar lemo. Na ɗauki farantin nan ya fi sau dubu, amma ko sau ɗaya Baba bai bar ni na taɓa kaskonsa ba. Da na leƙa sai ya daka mini tsawa, "A-Mui, kai tebur!" A-Mui wato yarinya, da yaren su Baba. Shekarata hamsin da shida yanzu, har gobe haka yake kirana.

Washegari Juma'a na fita bayan gida da safe, sanyin Yuni, wanda shi ne hunturunmu a nan, yana cizon yatsu. Bishiyar tanjarin da Mama ta dasa ta zubar da 'ya'ya a ƙasa, har tsuntsaye sun fara huda su. Ina tsinta ina mita ni kaɗai, sai na ce to, abu ɗaya ya rage ban yi masa ba, wato kaza da miyar lemon nan. Ban iya ba, amma hancina ya san ta. Na shiga rumbu na ciro tsohon kaskonsa da muka rataye tun da aka rufe gidan abincin, na kankare tsatsar, na shafe shi da mai. Na ɗauko kwalbar busasshen ɓawon tanjarin da yake tarawa duk hunturu, na jiƙa guda biyu a ruwan ɗumi.

Na yanka cinyar kaza na sa mata gishiri da ƙwai da garin masara. Na matse lemon zaƙi biyu, tanjarin uku, lemon tsami ɗaya. Na goga ɓawon lemon a kan abin gurza, ina gogawa da ƙarfi saboda haushin da ke cina. Na zuba mai a kasko, na jefa citta da tafarnuwa.

Ban ji zuwansa ba sai ƙarar sandarsa mai ƙafa huɗu a bakin ƙofa.

"Me kike ƙonawa?"

"Baba! Wa ya ce ka taso? Likita ya ce kada ka zo kusa da wuta."

"Likitan ya zo ya ga abin da kike yi wa tafarnuwa. Ta yi baƙi. Zubar."

Raina ya ɓaci, amma na zubar. Ya matso ya jingina da kantar kicin, ya leƙa kwanon da na gurza ɓawo a ciki, ya tsoma yatsan hannunsa mai lafiya ya ɗago.

"Wannan fa? Har farin kika gurje. Ɗaci za ki ba mutane? Fatar sama kawai ake ɗauka, mai launin. Kai, A-Mui, shekara arba'in kina wucewa ta gabana, ashe idonki a rufe yake."

"Ai ba ka bari na tsaya ba, Baba. Kai tebur, kai tebur."

"Da kin tsaya da kin ƙona mini gida."

Rabon da in ji ya yi magana mai tsawon haka tun kafin ya kwanta asibiti. Na sake gurzar wani lemon yadda ya ce. Ya sa na kankare cikin ɓawon da na jiƙa da bayan wuƙa, na yanka shi siriri. Citta ta fara shiga, sai tafarnuwa, sai ɓawon, kafin su canza launi na juye ruwan lemon. Na sa sukari, ruwan khal, da baƙin ruwan waken suya. Da ta tafaso na dama garin masara zan zuba.

"Da ruwan zafi kika dama? Tabɗi! Tuwo za ki yi? Ruwan sanyi, kuma kaɗan kaɗan, kina juyawa."

Miyar ta yi kauri ta fara sheƙi. Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na sa masa cokali. Ya ɗiba, ya hura, ya kai baki. Ya yamutse fuska.

"Zaƙi ya yi yawa. Ƙara tsami." Na ƙara. Ya sake ɗanɗanawa, ya girgiza kai. "A cokali ba a gane miya. Ina kazar?"

Na soya kazar sau biyu kamar yadda ya umarta, na farko ta dahu, na biyu ta yi ƙaras-ƙaras. Ya tsoma yanka ɗaya a miyar ya ci. Ya ce gishiri. Na ƙara, ya ci wani. Ya ce yanzu kuma citta ta ɓace. Ya ci wani. Na watsa karas da tattasai da koren wake a wuta mai ƙarfi, ya ce a ba shi ya ji ko sun mutu, ya tauna karas biyu ya ce sun mutu murus. Ya nemi shinkafa cokali ɗaya don ya wanke baki.

Ina tsaye ina ƙirgawa a zuci. Kaza yanka bakwai.

A nan ne abin ya faɗo mini. Ni ban taɓa ganin Baba ya zauna ya ci abinci ba. Ko a cin abincin sabuwar shekara, mu muna zagaye da tebur, shi yana bakin ƙofar kicin da ɗan kwano a hannu, yana kallon wanda bai ƙara ba. Duk cinsa a tsaye ne, loma nan loma can, yana gyara abin da za a kai wa wasu. Ni kuma wata takwas na dasa shi a kujera da tawul a cinya, ina ganin gata nake yi masa. Kunya ta kama ni, na juya baya ina wanke wuƙar da ba ta da datti.

"Ba ta yi ba," ya ce daga ƙarshe, yana lasar cokalin. "Gobe a sake."

Muka sake ranar Asabar, muka sake Lahadi. Na kawo masa doguwar kujera ya ce ba ya so, sai dai ya jingina. Gaskiyar magana, zuwa Lahadi hannuna ya gane miyar nan sarai. Ba wani sirri a cikinta, lura ce kawai. Amma na ga cewa duk abin da ya gyara, sai ya ɗanɗana kafin gyaran da bayansa. Don haka na fara ɓata ta da gangan. Litinin na rage gishiri. Talata na cika sukari. Laraba na bar ta tsululu kamar ruwa. Kullum ya zage ni tas, ya ce bai taɓa ganin mai taurin kai a girki irina ba, ni kuma in ce, "To Baba, sake ji yanzu," in miƙa masa wani yankan.

Alhamis da hantsi motar Yaya Desmond ta tsaya a ƙofa. Tafiyar awa huɗu ya yi, da takardun gidan tsofaffin a aljihun kwat. Ba mugu ba ne yayana, tsoro yake ji, kuma idan yana jin tsoro sai ya hau tsara abubuwa. Pauline ta zo, Baba ya hau sikeli.

"Hamsin da ɗigo bakwai."

Na dubi Yaya da murna. Shi ko a jikinsa.

"Noeline, wannan ai nauyin kofin shayi ne," ya ce bayan Pauline ta tafi, muna tsaye a baranda. "Sun riƙe mana gado a gidan tsofaffin zuwa Litinin. Idan ya wuce mu, sai mu jira wata shida. Kin ce yana ci, ni ban gani ba."

"Za ka gani, Yaya. Ka dai tsaya a bakin ƙofa ka rufe bakinka."

"Ke da ko ƙwai ba ki iya soyawa ba?"

Wannan maganar ce ta ja mini. Na shiga kicin ina huci, Baba ya biyo ni ya jingina a wurinsa, Yaya ya harɗe hannu a bakin ƙofa. Na manta da komai sai nuna wa yayana. Na ɗauki fatar lemon sama sama. Citta, tafarnuwa, ɓawo, ban bari ko ɗaya ya yi duhu ba. Na sa tsami da zaƙi ba tare da na auna ba, na zuba garin masara kamar zare ina juyawa, har miyar ta kama bayan ludayi tana ƙyalli. Ƙamshin ya cika gidan, irin na ranar Juma'a a gidan abincinmu lokacin da Mama take raye. Na ga Yaya ya sauke hannunsa.

Baba ya miƙo hannu, na ba shi cokali. Ya ɗiba, ya hura, ya kai baki. Sai ya ajiye cokalin a kan kanta.

"Ta yi," ya ce. "Kai tebur."

Tun ina 'yar shekara sha huɗu nake jiran wannan "ta yi" ɗin daga bakinsa. Idona ya ciko, daɗi ya kama ni har ƙafata. Sai na ji ƙarar sandarsa. Ya juya, yana jan ƙafa zai koma falo, wajen kujerarsa da matashinsa. Aikinsa ya ƙare. Ko yanka ɗaya bai ci ba, ga Yaya yana kallo, hannunsa ya koma kan aljihun kwat.

Na dubi kaskon. Ban taɓa yin abu mai kyau haka da hannuna ba. Na ɗauki kwalbar ruwan khal na kwarara a ciki, har ta yi ƙara.

"Ke! Lafiyarki?" in ji Yaya.

Baba ya tsaya. Ya waiwayo ya dubi kwalbar a hannuna, ya dubi kaskon, sannan ya dube ni. Ya daɗe yana kallona, kuma na san ya gane, ba na yau kaɗai ba, har na Litinin da Talata da Laraba. Na yi tsammanin zai yi fushi ya wuce. Sai ya juyo da sandar a hankali, ya dawo wurinsa ya jingina.

"Wa ya koya miki girki?" ya ce. "Miƙo sukari. Miƙo kazar in ji irin ɓarnar da kika yi."

Ya ci ɗaya ya ce da saura. Ya ci na biyu. A na huɗu ya ɗaga kai ya ga Yaya a bakin ƙofa.

"Kai kuma me kake yi a tsaye kamar mai jiran oda? Cire kwat ɗin nan ka wanke tattasai."

Yaya ya dube ni, na kau da kai don kada ya ga fuskata. Ya cire kwat ɗin da takardun a ciki, ya rataye a bayan ƙofa, ya naɗe hannun riga. Baba ya miƙo mini cokalin ba tare da ya kalle ni ba.

"Ƙara citta, A-Mui. Da sauran aiki a kanki."