Kofin Dobrivoje da Ba Ya Ganin Ƙasa

Dobrivoje yana da amya goma sha ɗaya a kan tudun bayan ƙauye, amma shekara biyu ke nan gwiwarsa ta hana shi hawa. Daga tsakar gida yake hangen ƙudan zumarsa, yana rantsuwa cewa yana gane kukan kowace amya. Asibitin gari ya yarda a yi masa aiki a gwiwar, sai dai Likita Jelisaveta ta ce ba za ta sa hannu ba sai gwajin hantarsa ya gyaru.

"Baba, awo ɗaya a rana," in ji ta, tana zana masa a takarda. "Rakiya, barasar nan taku mai ƙarfi, mililita talatin. Giyar inabi ɗari. Giyar kwalba kwatan lita. Duk awo ɗaya ne, ka zaɓi guda."

"Ɗan kofi ɗaya ke nan, 'yata. Wannan ai wasa ne."

Ya kuwa riƙe alkawari, a ganinsa. Kullum da hantsi yakan dogara sanda zuwa gidan maƙwabcinsa Milisav, su zauna a gindin bishiya, ya sha kofinsa ɗaya ya dawo. Bayan wata guda gwaji ya fito ya fi na da muni. Dobrivoje ya ce na'urar ce ta tsufa.

Washegari matarsa Stanojka ta ɗauki saƙarta ta bi shi.

Milisav ya zuba masa rakiyar da ya dafa da hannunsa. Dobrivoje ya kurɓa, ya kama labarin wani zakara da ya taɓa gani yana tafiya da baya. Kafin ya ajiye kofin, Milisav ya cika shi. A ƙauyen nan abin kunya ne kofin baƙo ya sauka ƙasa da rabi, hannun mai gida yana yin aikin ne ba tare da shawarar kansa ba. Aka kurɓa, aka cika, aka kurɓa, aka cika. Da rana ta take, Dobrivoje ya shanye har ƙasa, ya kife kofin.

"Kin gani da idonki, tsohuwa. Ɗaya."

"Ni kwalbar nake kallo, tsoho."

Ashe tun zuwansu ta ɗaura zaren ulu a jikin kwalbar daidai inda rakiyar ta tsaya. Ta shiga garken Milisav ta ɗauko sirinjin ɗura wa tumaki magani, ta wanke, ta riƙa zuƙo ruwa tana zubawa a kwalbar har ya kai zaren, tana ƙirgawa da ƙarfi. Da aka raba biyu tsakaninsa da Milisav, rabon Dobrivoje ya kama awo shida.

"Kuma taka ta fi ta kanti ƙarfi, Milisav. Ka ce takwas."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Milisav, har da gyara zama.

"Ba yabonka nake ba, sakarai! Kai za ka goya shi zuwa tudu?"

Dobrivoje ya daɗe yana duban ɗan kofin, kamar wanda aka gaya wa cewa jakinsa yana magana. Shekara hamsin yana ɗauka shi mutum ne mai kofi ɗaya.

Saura matsalar hannun Milisav, wanda ya gwada daina cika kofin kwana biyu ya kasa. Dobrivoje ne ya samo dabara. Yakan zo da dafaffen ƙwai a aljihu, a auna masa rakiyar da sirinji, ya kurɓa, ya ɗora ƙwan a bakin kofin. Milisav yakan miƙo kwalba, ya tarar da ƙwai, ya tsaya.

"Ɗan'uwa, kazarka ta zauna mini a hanya."

"Bar ta, tana kwanci."

Mako bakwai suka yi haka, har wasu tsofaffi biyu suka fara zuwa da nasu ƙwan.

Ranar da suka koma asibiti, Jelisaveta ta karanta takardar sau biyu, sannan ta jawo alƙalami.

"Sha huɗu ga wata mai zuwa za a yi aikin, Baba. Kada ka ci komai da safe."

Dobrivoje ya karɓi takardar ya naɗe ta cikin hularsa, ya tambaye ta ko sabuwar gwiwar ƙarfe za ta dami ƙudan zuma.