Kabari Na Bakwai

"Cire igiyar awon nan daga kan kabarin," in ji Kaka.

"Kaka, aiki aka ba ni. Fasto ya ce jeren ya miƙe."

"Fasto jiya-jiya aka haife shi. Kai kuwa ko cibiyarka ba ta bushe ba, maigidan."

Ni magini ne, wata uku ke nan da na fara karɓar aiki da kaina. Kaburburan sojoji bakwai ne a bayan cocinmu, tun zamanin babban yaƙi. Shida a jere kamar haƙoran mataji. Na bakwai ya karkace, kansa ya bar layi da taku biyu. Dutsensa babu suna. An ce in zuba musu sabon daɓe, in daidaita shi da 'yan'uwansa. In na bar shi haka, za a ce ban iya awo ba, kuma ƙauye ba ya mantuwa.

Kaka ta zauna a kan buhun siminti, ta ajiye sandarta.

"Shekarata tara lokacin. Motarsu ce ta ƙone a bakin gada. Babana ya haƙa ramuka bakwai a jere. Shida da gicciye a wuya. Wannan, da aka ɓamɓare yatsunsa, carbi aka gani, ya nutse a tafin hannunsa."

Na kalli kabarin.

"Babu Musulmi ko ɗaya a ƙauyen. Babana ya taka har kasuwa, tafiyar rabin yini, ya tambayi wani mahauci Musulmi ina suke juya matattunsu. Da ya dawo sai ya cike ramin da ya haƙa, ya haƙa sabo."

Na tuna abokina kafinta, da inda yake shimfiɗa kwali in azahar ta same mu a wurin aiki. Na tsaya a gefen kabarin, na fuskanci inda abokin nawa yake fuskanta in zai yi salla. Daidai. Baban Kaka, mutumin da bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba, ko ɗan yatsa bai kauce ba.

Na tuge turakun da na kafa ɗaya bayan ɗaya, na naɗe igiyata. Su faɗi abin da za su faɗa.

Kaka ta durƙusa da ƙyar, tana cire ciyawa daga gindin dutsen.

Na ce, "Kaka, to wa ya yi masa salla?"