Rairayin Ƙofar Goronyo

A Wurno an gama yanke magana tun kafin a sauko da Mode daga kan jaki: keken Baturiya ne ya buge shi. Wasu Turawa ne, miji da mata, suka taso daga bakin teku bisa kekuna suna zaga ƙasa don ganin ido, wai kuma matar ta sa an yi wa nata asiri. Wai Mode, da aka ɗebe shi cikin masu ɗauko musu kaya daga Rabah, ya kai hannu ga sirdin da take zama a kai, sai iska ta yi jifa da shi. Shekarar da ta biyo bayan ɓarnar fara a gonaki ce, mutane a tsorace suke da komai. Nan da nan aka daina cin tuwo akushi ɗaya da shi. Gayyar dashen albasa da ya kira a fadamarsa, kowa ya sami uzuri, ga iri yana neman wuce lokaci.

Kaltume, matarsa, ita ke gasa masa baya da ruwan zafi. Ta ga tabo a jere, dogaye, wani bisa wani.

"Malam, wagga iska da dorina taka yawo?"

"Ki bar zancen ga, Kaltume. Na bar ma Allah."

"Kai ka bari. Ni ban bari ba tukuna."

Da gari ya waye ta kama hanyar Rabah a ƙasa, idonta a kan turba. Inda ƙasa ke da tauri, ga sawun taya nan siriri. Inda rairayi ya fara sai ya ɓace, sai sawun ƙafafun mutane masu nauyi a ka. A gindin wata tsamiya ta tarar da Habi mai fura, wadda ayarin ya wuce a gabanta.

"Ƙarhen banza na, 'yar uwa," in ji Habi. "In ya shiga rairayi sai ya cije awa jaki ya ga gulbi. Bisa kai aka ɗaukar su, sai an kusa gari su hau."

"To mi ya sami mijina?"

Habi ta duƙar da kai tana dama fura. "Da ɗiya nike, ban ga komi ba. Amma ki tambayi mai jar hula, helmansu, shugaban masu kaya. Attahiru sunanai."

Kaltume ta juyo tana tauna sunan. Saninta ita kaɗai ba zai kawo kowa fadama ba. Sai Wurno ta ji daga bakin Attahiru, bakinsa kuwa ba zai buɗe ba muddin jar hular nan tana kansa.

Turawan na hutawa a barikin Wurno, daga nan sai Goronyo. Al'adar Attahiru ce ya riga su shiga kowane gari ya shirya tarba, don yana kwaɗayin Bature ya sama masa aikin masinja. Kaltume ta bi fataken albasa ta riga shi. Ta sauka gidan gwaggonta Safara'u, tsohuwar da in ta kira gayya babu matar da ke zama.

Attahiru ya iso da dorinarsa a hammata, ya tara mata a bakin kasuwa ya ce a share hanya. Kaltume ta ja mayafi ta durƙusa. Bai san ta ba.

"Ranka shi daɗe, shara kaɗai? Babban baƙo ai rairayi aka shimhiɗa mai, awa zauren manya. Mutanen Wurno da sunka yi shara kaɗai, har yanzu dariya aka musu."

Attahiru ya shafa gemu. Ya san halin keke da rairayi, amma ya hango farar hanya, ya hango Bature yana tambayar wa ya yi.

"Kaɗan dai. Yayyahi. Kowane gida ƙwarya guda." Ya ɗaga murya yadda maza za su ji. "Ku shaida, wagga dabarata ta. Kada in ji wani ya ce shi ya kawo ta."

Ya koma wajen ayarinsa. Bai tsaya ya tuna yawan gidajen Goronyo ba, bai kuma tuna cewa a gayya babu matar da ke yarda ƙwaryarta ta gaza ta maƙwabciya. Waɗansu da masaki suka zo. Wata har jakin mijinta ta koro daga bakin gulbi da mangala cike.

"Ɗiyata, ina za a zuba?" in ji Safara'u.

Kaltume ta nuna kwarin da ke ƙarƙashin gangare, daidai mashigar kasuwa.

Tsohuwar ta dube ta ta daɗe. "Wanga ba yayyahi na ba."

"Gwaggo, kin ga bayan Mode?"

"Ban gani ba."

"Ni na gani."

Safara'u ta juya ga mata ta ce su ƙaro. Kwari ya cika ya yi daidai da hanya. Aka bi shi da tsintsiya, har da zane a gefe.

Ranar kasuwa suka iso. A saman gangare aka sauke kekuna daga kawunan mutane, aka goge su, Turawa suka hau. Attahiru na gudu a gefe yana korar jama'a da dorina. Bature na gaba yana kaɗa ƙararrawa, gangare ya ƙara masa gudu. Tayar gaba ta nutse, keken ya tsaya, shi bai tsaya ba. Matar ta zo ta faɗa kan kekensa. A kasuwa, har masu awo suka riƙe mudu a sama.

Bature ya tashi da rairayi a baki. Da ya ga jini a gwiwar hannun matarsa sai fuskarsa ta yi ja. Ya sa kukunsa ya tambaya wa ya ce a zuba wannan.

Mutanen Goronyo sun riƙe shaidar da aka ba su. Baki ɗaya suka ce, "Helma."

Bature ya fizge jar hular da hannunsa, ya karɓe dorina ya jefar, ya faɗi abin da ko ba tafinta kowa ya gane. Turawan suka tura kekunansu cikin gari a ƙasa.

Masu ɗaukar kaya ba su bi su ba. Suka aje kaya, suka kewaye Attahiru a hankali. Babu wanda bai ɗanɗani dorinar nan ba a cikinsu. Kaltume ta tsamo ta daga rairayi, ta kakkaɓe, ta miƙa wa wanda ya fi kowa kafaɗa, wani Shittu. Sannan ta kira shugaban fataken Wurno, wanda shi ya fara janye hannu daga akushin Mode.

"Baba Sale, matso da mutanenka. Da kunnuwanku nika so ku ji."

Ta yaye mayafi.

"Ni ta matar Mode na Wurno. Mi ya taɓa bayanai?"

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, aiki na anka sa ni..."

"Ban tambaye ka wa ya sa ka ba."

Attahiru ya amsa ƙasa-ƙasa, ido a rairayi.

"Baba Sale ya tsuhwa, bai ji ba," in ji Kaltume. "Shittu, taya shi."

Shittu ya taya shi. Attahiru ya faɗa da ƙarfi, har masu shanu a ƙarshen kasuwa suka waiwayo.

Mode bai taɓa sirdin kowa ba. Ya sauke keken daga kansa ne a gindin tsamiya ya yi taimama ya ta da sallar la'asar, Attahiru ya bi shi da dorina yana cikin sujada.