Muryar Kawu a Ɗakin Injiniya

Akwai halin da na tsana a wurin yaran da suka fara koyon sana'a, shi ne raina abin da aka ba su amana. Yaro ya koyi danna maɓalli biyu, shi ke nan duk abin da ya riga shi zuwa duniya ya zama abin gyara a idonsa. Wannan halin ne ya kayar da wanda ake kira Injiniya.

Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa ranar da ya sayi kwamfuta ta hannu. Ya lallaɓi babansa ya bar masa ɗakin ajiya na bayan gida, ya kwashe buhuna da tsoffin kekuna ya jibge a waje, ya bi bango ya manna kwalin ƙwai da soson tsohuwar katifa, wai don kada sauti ya riƙa dawowa. Makirfo da fiyano kuwa na abokinsa Dogo ne, shi ya kawo suka haɗa gwiwa. Ba laifi, samari sun fara zuwa ɗaukar waƙa, har ana zaman jira a benci.

Injiniya yana da kawu, yayan mahaifiyarsa, tsohon direban babbar mota. Kawu ba mawaƙi ba ne, amma yana da waƙa ɗaya tak da ya yi shekaru yana ginawa a kan hanya. Duk ɗan da aka haifa masa sai ya ƙara baiti da sunansa. Muryar kakkaura ce mai kaushi, amma da ita 'ya'yansa suka yi barci suna ƙanana. To, ciwo ya kama maƙogwaronsa. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba zai sake magana ba.

Babbar 'yar Kawu ta zo har bakin ɗakin.

"Kai, Injiniyan kwalin ƙwai," ta ce, "gobe zan kawo maka Baba. Ba kwalliya nake so ba. Muryarsa nake so ka ajiye mana, yadda Allah ya yi ta."

"Haba Yaya, ai kin zo gidan abin. In kin ji aikin sai kin yi kuka."

"Rage cika baki. Ni dai ka ji abin da na ce."

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida da ko ɗan koyo ya sani. Ana fara ɗaukar murya tsurarta a ajiye gefe, sannan a kwafa, a yi wa kwafin duk adon da ake so. In ado ya ɓaci, asali yana nan. Akwai kuma wata manhaja da yaran yanzu suka haukace a kanta, mai miƙar da murya, ta sa wanda bai iya waƙa ba ya fito kamar gwani. Injiniya sai ya ɗora ta tun daga bakin makirfo, ya murɗa ta har ƙarshe, ta yadda duk abin da zai shiga kwamfuta ya riga ya canza kafin a ajiye shi.

Dogo ya leƙo ta kafaɗarsa ya gani.

"Cire wannan abin. Ɗauki tsurar tukuna."

"Aiki biyu ke nan. Kai ka ji muryar kuwa? Kamar tsohon janareta. In ta fita haka da sunana ai kasuwata ta mutu."

"Ba don kasuwa aka kawo ta ba."

"Ɗakina ne ko naka?"

Dogo ya ƙyale shi, abin da bai kamata ya yi ba.

Da hantsi aka kawo Kawu. Ya dubi bango ya yi murmushi. "Ɗan nan, kaji kake kiwo a nan ne?" Aka zaunar da shi a kujerar roba, aka kashe fanka saboda ƙararta, zufa ta fara keto wa kowa.

"Kawu, ku ɗan ja baya kaɗan daga makirfo. Yawwa. Bismillah."

Tsoho ya kurɓi ruwan ɗumi ya fara. Injiniya ne kaɗai da abin sauraro a kunne, sauran duk muryar gaskiya suke ji tana fita daga bakin mai ita. Da Kawu ya iso baitin ɗansa na uku, wanda ya rasu yana rarrafe, muryar ta yi rawa, ya tsaya, sannan ya ci gaba. Yaya ta rufe fuska da mayafi. Yana kai ƙarshe tari ya turnuƙe shi har ya dafa kujera.

"An samu?" ya tambaya.

"An samu, Kawu, har da ƙari."

"Allah ya yi maka albarka."

Yaya ta ce a sa su ji, Injiniya ya ce sai ya gama haɗawa. Haɗawar ita ce ya zuba kiɗan rawa a ƙarƙashi.

Aka yi aiki, Allah ya tashi kafaɗun Kawu, aka sallamo shi da bandeji a wuya. 'Ya'ya da jikoki suka cika falo, Dogo ma ya zo. Injiniya ya shigo da lasifika a hammata yana taku ɗai-ɗai, ya jona, ya danna.

Abin da ya fito siririyar murya ce mai ƙarar ƙarfe, kamar yarinya na waƙa a cikin gwangwani. Wata jika ta tuntsure da dariya ta ce, "Wace ce wannan?" Da aka zo baitin mamacin, manhajar ta mai da rawar muryar tsohon wani irin lanƙwasa na 'yan gayu, kiɗa kuma yana ta tsalle a ƙasa. Kawu ya ɗaga hannu. Aka kashe.

"To, mun ji wasanka," in ji Yaya. "Sa mana ta gaskiyar."

"Ai ita ce wannan, Yaya. Yanzu haka ake yayi."

"Na ce ina muryar Baba?"

Dogo ne ya amsa, kansa a ƙasa. "Babu ita. Bai ɗauke ta ba. Na gaya masa."

"Ba komai ba ne," Injiniya ya ce da sauri, "sai a sake ɗau..." Sai idonsa ya sauka a kan bandejin.

Kawu ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya shige ɗaki ya ja labule.

Ga abin da yaron ya rasa, in lissafa muku. Dogo ya kwashe makirfo da fiyanonsa tun kafin la'asar. Babansa ya karɓe makullin ɗakin, ya sa shi ya ɓanɓare kwalin ƙwai da hannunsa ya mai da buhunan. Samarin benci suka ji labari suka watse, don ba wanda zai ba shi ajiyar muryarsa. Mahaifiyarsa ta daina sa baki in ana zaginsa. Yaya ta goge lambarsa. Kawu kuma, wanda ya goya shi yana yaro, in yaron ya zo gaisuwa sai ya juya fuska ya kalli bango.