Ranar da Rediyo Ta Yi Shiru

"A hankali, Yaya, buɗe kaɗan," in ji mai ɗinki, tana ɗiga mata ruwa da ƙaramin cokali.

Wadda ke kwancen maƙwabciyarta ce, duk layin Rediyo ake ce mata saboda surutu. Wata uku ke nan ba a ji muryarta ba. Leɓɓanta sun farfashe, cikin bakin duk ƙuraje masu ruwa, wannan ya fashe wancan ya taso, ko yawu da ƙyar take haɗiyewa.

Abin da ke cin mai ɗinki kuwa, ita kaɗai ta bar wa cikinta. Sati biyu kafin ciwon sun yi cacar baki kan igiyar shanya, har ta ɗaga murya ta katanga ta ce, "Allah ya kama bakin nan naki mu huta!" To ga shi an huta, hutun da ya hana ta sukuni.

Likita ya yi bayani a gabanta. Wani ƙari ne a cikin Rediyo, ya daɗe, shi ya rikita garkuwar jikinta ta koma yaƙar fatar bakinta. Ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba. Mai ɗinki ta gyaɗa kai kawai, amma zuciyarta ba ta yarda ba.

Da 'yar Rediyo ta fita ɗauraye kwanuka, sai mai ɗinki ta durƙusa a bakin gado.

"Yaya, ki yafe ni. Bakina ne ya kama ki, wallahi na sani."

Rediyo ta galla mata harara, irin ta da. Ta nuna littafin awo da ya leƙo daga jakar mai ɗinki. Ta karɓa ta yi rubutu, ta turo mata.

"Ke ɗin banza? Har kin isa?"

Mai ɗinki ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Rediyo ta dafe haɓa don zafi, kafaɗunta na girgiza da dariya.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ta cika.

Ranar da mai ɗinki ta koma kan kekenta, ta buɗe littafin neman awon wata riga, sai ga shafin. Ta daɗe zaune, ƙafarta a kan feda, ba ta taka ba.